Baƙin Ƙyallen Mai Wayoyi

Shekara goma sha tara ke nan ina manna wa mutane wayoyi a kai, kuma ban taɓa jin aikin ya yi mini nauyi ba sai ranar da aka ce in tura inji zuwa hawa na uku in auna Baba.

Ba shi ya haife ni ba. Shi ya koya mini awon ƙwaƙwalwa, a wani ɗan ɗaki mara taga da ke ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge kekunan marasa lafiya da suka lalace. Duk asibitin Mai Wayoyi ake ce masa, har manyan likitoci. Ni kaɗai nake ce masa Baba. Shi kuma ya laƙaba mini Gaggawa tun makona na farko, sunan ya bi ni har gida, don ko mijina in yana son ya ji bakina da shi yake kira na.

Aikin namu ba wani abin tsoro ba ne, ko da yake mutane kan shigo suna zare ido. Ƙwaƙwalwa tana da 'yar wutar lantarkinta, kaɗan ƙwarai. Mukan auna kan mutum da tef irin na tela, mu ɗiɗɗiga alama da jan fensir, mu manna 'yan ƙarafa ashirin da ɗaya masu kama da maɓallin riga, kowanne da wayarsa. Sai layuka su fito a fuskar kwamfuta suna tafiya suna rawa, na goshi a sama, na ƙeya a ƙasa. Daga ƙarshe a jawo fitila gaban fuskar mutum a sa ta ƙyafta, sau ɗaya a daƙiƙa, sau uku, sau shida, sau goma, har sama da haka. Wajen gani na ƙwaƙwalwa a ƙeya yake. In fitila ta ƙyafta sau goma, sai ka ga layukan ƙeya su ma sun ɗauki rawar sau goma, ba ƙari ba ragi. Baba yakan nuna da yatsa ya ce, “Kin gani? Fitila ta yi sallama, ƙeya ta amsa.”

Ba kowa ke amsawa sosai ba. Akwai masu lafiya garau da ƙeyarsu ke yin kunnen uwar shegu da fitilar. Amma ta Baba, tun da nake ban ga irinta ba. A kansa na koyi aikin, don sanƙo gare shi fes, yakan ce Allah ya kwashe masa gashi ne saboda ɗalibai su huta. Sai ya kwanta ya rufe ido, in kunna fitila, layukan ƙeyarsa su jeru ras kamar ɗinkin keke. Yana alfahari da abin nan fiye da takardar shaidar karatunsa. Tun zamanin injin takarda ya yanki shafi guda na awon kansa, ya sa a gilashi ya rataya a falo kusa da hoton aurensu. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, tela ce, ta yi mita har ta gaji. Ta ce duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ko zanen yara ne.

Akwai kuma maganar ƙyalle, dole in faɗe ta.

Ina wata takwas da fara aiki aka tura ni in auna wata mata da mota ta buge, kwana biyar ba ta farka ba. Mijinta yana baranda a tsaye, ya ƙi zama. Layukanta kwance suke, ba komai. Ina kunna fitila sai na ga layuka biyu na sama suna zabura, kowace ƙyaftawa da zaburarta. Ban tsaya wata-wata ba, na fita da gudu na ce wa mutumin matarsa tana amsawa. Ya durƙusa a nan barandar yana godiya ga Allah, har ya kama bakin rigata.

Baba ya zo ya duba. Ya zaro wani baƙin ƙyalle daga aljihu, ya rufe ƙarafa biyun da ke goshin matar, ya bar idonta a buɗe ga haske, ya sake kunna fitila. Zaburar ta mutu nan take. Ya ɗage ƙyallen, ta dawo. Ya mayar, zaburar ta sake mutuwa.

“Ƙarfe ne ya amsa, ba ita ba,” in ji shi. “In ƙarfen ya ɗan kankare, ko man manne ya bushe a kansa, haske yana dukansa sai ya haifar da 'yar wutarsa. Inji bai san bambanci ba. Ke ce za ki sani.”

Shi ya fita ya sami mijin. Ina cikin ɗakin na ji sautin da mutumin ya yi, kuma har yau ban manta shi ba. Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba sai ta aiki. A rana ta uku ya ajiye mini wani baƙin ƙyalle a kan tebur, irin nasa, an kalmashe bakinsa da ɗinki mai kyau. Ya ce duk ranar da na ga goshi yana rawa da fitila, kada in buɗe baki sai na rufe ƙarfen na gani. Tun daga ranar ƙyallen nan yana aljihun rigar aikina na dama.

Baba ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce. Ranar wata Litinin da safe yana ba shukokinsa na cikin gwangwani ruwa sai ya yanke jiki ya faɗi. Zuciyarsa ce ta tsaya. Maƙwabcinsu ya kawo shi a mota, likitoci suka yi ta fama har ta sake bugawa, amma ta daɗe a tsaye, ta daɗe da yawa. Aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, aka sa masa injin numfashi. Abokin aikina ya auna shi sau biyu, ni na ƙi zuwa, na ce ina da aiki a ƙasa. Ƙarya nake, tsoro ne.

A kwana na shida likitan sashen ya sauko da kansa ya same ni. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa, shekarunsa ba su kai na aikina da na Baba a haɗe ba. Ya ce kwana biyu ke nan da cire duk maganin barci, kuma abokin aikin nawa ba ya nan.

“Na san matsayinsa a wajenki,” ya ce. “In ba za ki iya ba, a jira gobe.”

“Wa ya ce ba zan iya ba?”

“To. Ki yi duka, har da fitila. In yau ma babu komai, da yamma zan zauna da matarsa.”

Na san irin wannan zaman. Zama ne a kan injin numfashi, a bar shi ko a cire. Ba ni nake yanke hukunci ba, aikin likitoci ne da iyali, kuma ba awona kaɗai suke dubawa ba. Amma abin da na ɗauko shi zai karanta kafin ya buɗe baki.

Wajen ƙarfe goma na safe na tura injin cikin lif. Ƙafar injin ɗaya tana ƙara tun zamanin Baba, an yi ta cewa za a gyara.

Gadonsa na ƙarshe ne, jikin taga. Inna tana zaune a kujerar roba, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina.

“'Yata, sai yau?”

“Ki yafe ni, Inna.”

“Ba komai. Da ma ya fi son hannunki.”

Nas ɗin da ke kula da shi ta zo ta ce doka ce, 'yan uwa su fita in za a yi awo. Na ce mata dokar nan wanda ke kwance a gadon nan ne ya rubuta ta, tun ita tana firamare, kuma ni na ce tsohuwar nan ba inda za ta. Na faɗa da zafi fiye da yadda ya kamata. Baiwar Allah ba ta yi mini komai ba, ta ja labule ta tsaya a gefe.

Na ɗauko tef. Ban ma buƙace shi ba, yatsuna sun san kan nan, sun san ɗan tabon da ke bayan kunnensa na hagu inda ƙofar kabad ta taɓa bugunsa. Amma na auna, don da yana gani da sai ya ce Gaggawa ta fara. Na ɗiɗɗiga jan fensir, na goge fata, na manna ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta bushe, ga sanyi. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka daidai da hucin injin. Sau biyu waya ta kuɓuce mini.

Na kunna. Layuka suka fito suna tafiya a kwance. Na ƙara wa injin ƙarfin ji har ƙarshe, abin da ya fito sai bugun zuciyarsa da ke leƙowa can ƙasa-ƙasa. Na jira minti ashirin cur, kamar yadda ya koya mini. Na sunkuya na kira shi a kunne, “Baba. Baba, Gaggawa ce.” Na tafa hannu kusa da kansa. Na matse masa farce. Inna ma ta kira shi da wani suna da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba, kuma ba zan faɗa a nan ba. Layukan ba su ko gyaɗa ba.

Saura fitila. Na jawo ta, na daidaita ta tazarar taƙi ɗaya daga fuskarsa, na ce wa nas ta rage hasken ɗakin. Ko ido yana rufe hasken yana ratsa fatar ido, don haka ban taɓa idon ba. Na sa sau ɗaya a daƙiƙa, na danna.

Fuskarsa ta yi fari, ta yi duhu. Layuka biyu na sama suka zabura.

Ta sake ƙyaftawa, suka sake zabura. Na sa sau uku, suka bi. Na sa shida, suka bi. Na sa goma, suka jeru tsaf, kowane haske da amsarsa. Wallahi na daƙiƙa biyu ko uku na yarda. Sai idona ya sauka ƙasa, wajen layukan ƙeya, inda na saba ganin ɗinkin keken nan. Suna kwance yadda suke tun farko.

“Ikon Allah,” in ji nas a hankali. “Ga shi yana motsi.”

Na ji Inna ta taso ta tsaya a bayana, har ina jin numfashinta.

Na san abin da ya rage in yi. Ƙyallen yana aljihuna, ina jin tudunsa a jikin cinyata. Amma sai na tsaya ina lissafi. In na bar awon haka, ban rufe ƙarfen ba, ban rubuta komai ba, likita zai ga zaburar. Ba wawa ba ne, zai yi zargin ƙarfe ne. Amma zargi ba tabbaci ba ne, kuma ba likitan da zai zauna da iyali a kan zargi. Zai ce a sake awo bayan kwana biyu ko uku. Kwana uku ke nan Baba yana nan hawa na uku, ina iya hawowa in gan shi, Inna tana da kujerar da za ta zauna a kai. Ba ƙarya zan rubuta ba, shiru kawai zan yi. Ina son kwana ukun nan, ina son su fiye da yadda na taɓa son wani abu a wajen aiki.

Na kashe fitila. Na tura ta gefe. Na kai hannu zan ɓare ƙarfen farko.

“Gaggawa.”

Inna ba ta taɓa kira na da wannan sunan ba. Kullum 'yata take cewa, har takan yi wa Baba faɗa in ya kira ni haka a gabanta.

“Na'am, Inna.”

“Ba ki gama ba.”

“Na gama, Inna.”

“Ina ƙyallenki?”

Na kasa juyowa. Na ce, “Na bar shi a ƙasa.”

Sai na ji ƙarar zif ɗin jaka. Ta zagayo ta gabana, ga baƙin ƙyalle a hannunta, nasa, ya koɗe har ya koma ruwan toka a wajen ninki.

“A aljihun wandonsa na same shi ranar da ya faɗi,” ta ce. “Shekara huɗu da barin aiki, bai daina yawo da shi ba. Ni na yanka shi, daga ragowar yadin wani siket. Naki ma ni na yanka. Daren da kika yi kuskuren nan ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna bakin gado ya ba ni labarin mutumin baranda tun daga farko har ƙarshe. Ya ce in kalmashe wa yarinyar nan guda, mai kyau, don za ta daɗe a aikin.”

Ban taɓa sanin haka ba.

“Ni ban yi karatunku ba,” ta ci gaba, “amma shekara talatin ina share ƙurar takardar nan ta falo. Na ƙasa ne nasa. Kullum na ƙasa yake nuna wa baƙi. Yau na sama ne suka yi rawa.”

“Inna, wani lokaci...”

“Kada ki yi mini wani lokaci. Kwana shida ina zaune a nan ina yi masa hira. In shi ne yake ji na, zan zauna shekara, ba zan gaji ba. In kuwa ƙarfe ne, ki gaya mini. Ba zan zauna ina hira da ƙarfe ba, shi ma ba zai yafe mana ba, ni da ke.”

Muryarta ba ta yi rawa ba.

Na jawo fitilar na mayar da ita inda take. Na miƙa hannu in karɓi ƙyallen, ta girgiza kai.

“Nuna mini wajen.”

Na nuna mata ƙarafa biyun da ke saman girarsa. Ta ninka ƙyallen biyu, ta shimfiɗa a goshinsa, ta gyara gefen da yatsa don kada ya sauko kan idon, kamar mai daidaita wuyan riga. Ta bar tafin hannunta a kai.

“Kunna.”

Na sa sau goma, adadin da ƙeyarsa ta fi so. Na danna. Haske ya yi ta faɗuwa a kan fatar idonsa da bayan hannun Inna. Na ƙirga daƙiƙa goma a raina. Layukan sama suna kwance. Na ƙasa suna kwance.

“Ɗage, Inna,” na ce.

Ta ɗage. Zaburar ta dawo, tsaf-tsaf, kamar ɗazu.

“Mayar.”

Ta mayar. Zaburar ta mutu.

Ba ta kalli kwamfutar ba ko sau ɗaya. Fuskata take kallo, kuma a nan ta karanta. Nas ta juya ta fuskanci taga.

“To,” in ji Inna. Leɓenta yana motsi da addu'a. Can ta ce, “Kashe masa fitilar nan haka. In yana barci ba ya son haske a ido.”

Na kashe. Na zauna a gaban injin, hawaye yana hana ni ganin haruffa, na goge da bayan hannu na rubuta yadda ya koya mini, da lokaci da komai. An ga zabura a goshi tare da fitila. An rufe ƙarafan goshi, zaburar ta tsaya. An buɗe, ta dawo. Ƙeya ba ta amsa ba. Na sa hannu a ƙasa.

Muka ɓare ƙarafan tare, ita tana riƙe da kansa, ni ina cirewa. Ta ce a ba ta ruwan ɗumi da auduga. Baba bai taɓa barin mara lafiya ya tashi da man manne a kai ba, ko da layi ya kai bakin ƙofa, kuma ashe wannan ma ta sani. Ta bi jan fensir ɗin nan ɗaya bayan ɗaya tana gogewa, har bayan kunne, har ƙeya, sai da sanƙon ya fito fes.

Na naɗe wayoyi na rataye. Ina shirin tura injin sai ta riƙe hannun rigata. Ta ninka ƙyallen nasa gida huɗu, ta zura shi a aljihuna na dama. Na ji yatsunta sun taɓa wanda ke ciki, sun tsaya.

Ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai, ina jiran abin da za ta ce. Ta tura nasa kusa da nawa, ta zaro hannunta, ta dafa aljihun sau biyu.

“Je ki kira mini likitan, 'yata,” ta ce. “Ki ce masa ba sai yamma ba.”